Tutocin Ashafa Tela

Ashafa bai taɓa tuƙa babur ba a rayuwarsa. Shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu tun yana yaye, shi ya sa mahaifinsa, wani malamin allo a Ruma, ya kai shi koyon ɗinki maimakon gona. Da ƙafar dama kaɗai yake taka keken ɗinki, kuma da ita ya yi aure, ya ciyar da gida.

Rumfarsa tana jingine da ta amininsa Kabo, bakaniken babur. Kabo mutum ne mai surutu da dariya, Ashafa kuwa sai a yi wuni bai ce uffan ba, amma kwano ɗaya suke ci. A lokacin, da an kawar da amfanin gona, samari sun sayar da gyaɗa sun gyara baburansu, sai a fara tsere a wani fako bayan gari. A zagaye dutse, a bi ta gindin wata tsohuwar kuka, a dawo. Har daga Batsari da Runka ake zuwa kallo. Kabo ne ya ɗora Ashafa a gindin kukar, don daga nan ake ganin hanya ta ɓangare biyu.

“Kai ne idonmu,” in ji shi. “In ka ga abu, ka kaɗa hula.”

Wata shekara garken shanu ya ratso fakon ana tsakiyar gudu. Ashafa ya kaɗa hula har hannunsa ya gaji, amma ƙura ta rufe shi, babu wanda ya gani. Wani saurayi mai suna Sada ya daki bijimi, ya karye a cinya. Da Ashafa ya koma gida ya kasa cin tuwo. Matarsa Saude ta ji abin da ya faru, ta buɗe akwati ta miƙo masa wani jan zane da ta daina ɗaurawa.

“Wannan ko makaho ya gan shi,” ta ce.

Ya yanka, ya kalmashe baki, ya zura a sandar gora. Daga baya ya ƙara ruwan ɗorawa don a rage gudu, da kore don a wuce. Kabo ya je Katsina ya ga tseren motoci a gidan kallo, ya dawo da labarin tuta mai gidan dara, baƙi da fari, wadda ake kaɗa wa wanda ya yi na ɗaya. Ashafa ya ɗinka ta ita ma. Ranar tsere, manya da yara nasa hannun suke kallo, kuma bai taɓa jin gurguntarsa ba a gindin kukar nan.

Sai zamani ya juya. Ƙarar babura da yawa, wadda da ke fito da mutane kallo, ta zama abin da ke sa uwa ta suri ɗanta ta shige dawa. Tsere ya mutu ba tare da kowa ya ce a daina ba. Kabo yana dawowa daga kasuwar Batsari da kayan gyara ’yan bindiga suka tare hanya, a nan ya cika. Iyalinsa suka koma Kano wurin dangi. Bayan ’yan bindigar sun shigo har unguwarsu, Ashafa ya ɗora keken ɗinki da Saude a bayan a-kori-kura suka nufi Safana. Tutocin suna soke a rufin rumfa, bai ko tuna da su ba sai da mota ta yi nisa.

A Safana ya kama shago ƙarami kusa da tasha. Ba a san shi ba, don haka faci da rage tsawon wando ne aikinsa, manyan ɗinkuna suna wuce shi zuwa wurin ’yan gari. Damina ta biyu zazzaɓi ya ɗauke Saude. Allah bai ba su haihuwa ba. Daga nan ya mayar da tabarmarsa shagon, can yake kwana, can yake cin abin da ya saya. Maƙwabcinsa Jafaru mai cajin waya yakan leƙo a gaisa, a tambayi gajiya da sanyi, magana ta ƙare. In babura suka wuce a jere, ƙafarsa takan tsaya cak a kan keke har sai ƙarar ta ɓace.

Wata rana da hantsi wani mutum mai faɗin kafaɗa ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin shagon.

“Baba, ba ka gane ni ba? Yazid ne, ɗan Kabo.”

Ashafa ya daɗe yana kallonsa. Hancin uban ne, da wushiryar. Ya riƙe hannunsa bai saki ba har suka gama gaisuwa, ya tambayi mahaifiyarsa da ƙannensa ɗaya bayan ɗaya. Yazid ya ce kanikancin mota yake a Kano, kuma ya shiga wata ƙungiya mai shirya tseren motoci a wani fili bayan gari. Ba ya tuƙi. Cikin masu tsayawa a kwana da tuta yake.

“Kowa da tutocinsa yake zuwa, Baba. Na sayi na kanti, amma yadin kamar leda ne, iska na kaɗawa sai ya nannaɗe sanda. Na gaya wa Inna, ta ce ai mai wannan aikin yana Safana.”

Ya lissafa masa: ja, ɗorawa, kore, shuɗi don a ba na baya hanya, fari, baƙi, da mai ratsin ja da ɗorawa don in mai ya zube a hanya.

“Mai gidan dara fa?” in ji Ashafa.

“Wannan ta babban alƙalin tsere ce, ba ta kai kaina ba tukuna.”

Yazid bai kwana ba, yana son ya fita kafin la’asar saboda hanya. Ya ce in an gama zai dawo da kansa, ya yi kwana biyu su sha hira.

Babu yadin da ya yi wa Ashafa a Safana. Ranar kasuwa ya hau mota zuwa Batsari, hanyar da ya yi shekaru bai bi ba. A cikin motar kowa idonsa na kan daji. A layin ’yan yadi yana murza wani shuɗi tsakanin yatsu sai mai rumfar ya taso yana ɗingishi.

“Baba mai tuta? Ashe kana raye.”

Sada ne, furfura ta fara fito masa. Ya shimfiɗa masa buzu, ya aika aka kawo fura. Suka shiga ambaton masu tsere na da: wane ya rasu, wane yana Legas yana acaɓa, wane tun da aka tafi da shi ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Fakon kuwa, in ji Sada, sabara ta cinye shi, ko makiyayi ba ya bi. Ya zaɓo masa yadi mai nauyi wanda ba ya zuba, ya raka shi har mota.

Ashafa ya ajiye faci gefe. Ya auna, ya ja alli, ya yanka kowace kamu ɗaya. Ya ninka kalmasa sau biyu don kada iska ta zare bakin, ya yi wa kowace aljihun sanda, ya kai wa kafinta sanduna ya goge su sumul. Mai ratsin ce ta ba shi wuya, sai da ya farke ta ya sake don layukan su miƙe. Da ya gama, yadi fari da baƙi ya ragu, Yazid kuma bai zo ba, sai ya zauna yana yanka ƙananan murabba’ai yana haɗawa. Ya ce a ransa yaron zai kai matsayin wata rana.

Ya sayi sabuwar tabarma, ya sayi zakara ya ɗaure a bayan shago. Da safe yakan share wurin da baƙo zai kwanta.

Sai ga Jafaru da waya a hannu, ya ce ana nemansa daga Kano. Yazid ne. Ya ba da haƙuri, ya ce maigidansa bai sake shi ba, Inna kuma ta hana shi biyo hanyar a wannan tsakanin. Ya roƙi a ba da tutocin ga wani direba da zai taso washegari.

“Ba komai, ɗana,” in ji Ashafa. “Gaskiyar Inna ce. Allah ya tsare.”

Ya goge tutocin, ya naɗe su cikin buhu, ya kai tasha da kansa yana dogara sanda. Ya tsaya har motar ta fita. Zakaran ya ba matar Jafaru ta dafa, ya ɗauki cinya ɗaya, ya bar musu sauran.

Bayan sati biyu Jafaru ya shigo da saurinsa, Yazid ya turo bidiyo. Motoci ne ke ta shawagi cikin hayaƙi, mutane na ihu. Ashafa bai kula da motocin ba. Can a gefen hoton, ƙarami kamar ƙwayar gero, ga wani mutum yana kaɗa ɗorawa, tutar ta buɗe sosai ba ta nannaɗe ba. Ya sa aka maimaita masa sau da yawa, fuskarsa dab da gilashin.

“Ka gaya masa ya riƙa tsayawa inda rana ke bayansa,” ya ce wa Jafaru. “Kuma ka ce na gode.”

Abokan Yazid sun ga tutocin, su ma suka fara aikowa a ɗinka musu. Yanzu kusan duk wata akwai buhu mai tafiya Kano daga shagon, kuma ’yan tasha sun daina ce masa ɗan Ruma, sai Baba mai tuta, ko da yake yawancinsu sun ɗauka tutocin ’yan siyasa ne. Yazid yana kira lokaci-lokaci, kullum sai ya ce ya zo ya ga tsere da idonsa, akwai ɗaki. Ashafa yakan ce sai bayan Sallah. Sallah biyu ta wuce. Jafaru ya taɓa tambayarsa abin da ke hana shi.

“Can filin tseren ba wanda na sani sai yaron,” ya ce, “shi kuma ranar yana bakin aiki. Wa zan juya in ce wa ka gani?”

Jafaru ya ɗan ƙara zama a kan benci, fiye da yadda ya saba, har aka kira la’asar suka tafi masallaci tare.