Idon Murhun Kaka

Ƙamshin ƙosan tashar Batsari ne ya fara tarbar mu, gauraye da warin fetur da ake ɗurawa daga galan. Mun tashi da asuba, ni da yayana, amma direba ya ce ba zai hau hanyar Safana ba sai gari ya waye sarai. Babu wanda ya yi masa musu. A shekarun nan kowa ya san dalili, kuma dalilin ne ya sa rabonmu da Zakka, garin Kakarmu, tun babbar sallar bara.

Murhun Kaka ne ya fito da mu. Kawunmu da ke aiki a Jos ya kawo mata murhun ɗumama ɗaki mai amfani da gas, wanda ake kunnawa da rimot, saboda hayaƙin garwashi yana tayar mata da ciwon ƙirji. Sai ga saƙo cewa murhun ya ƙi kamawa, ta koma wa kaskonta, tari kuma ya dawo.

Kuɗin mota ya yi tashin da ya sa kowa ya shiga yana ƙunƙuni. Ta taga nake kallon gonaki, wasu an girbe an jingine kara, wasu ciyawa ta cinye su shiru. A Safana muka sayi awara, yankanta ya sirance har yayana ya ɗaga ɗaya ya ce yana hango ni ta ciki. Daga nan babur ya kai mu Zakka.

Tarin Kaka muka fara ji tun daga zaure.

"Ƙawata, sai da ƙarfe ya kwanta ciwo kika tuna hanya?" in ji ta, bayan mun gaisa.

Yayana ya girgiza tukunyar gas ɗin, da saura a ciki. Ya shafa ruwan sabulu a tiyo, babu inda yake yoyo. Muka sa sabon batir a rimot da jikin murhun. Na saita kan rimot a kyamarar wayata na danna, wani ɗan haske mai launin furen wake ya ƙifta. Rimot dai lafiyarsa lau, murhun kuma ko motsi. Yayana ya fara maganar kai shi Katsina, ni kuwa ina tunanin sauran sanyin bana da ƙirjin Kaka a cikin hayaƙi.

Da gajiya na zauna a kan tabarma, fuskata daidai fuskar murhun. A nan na ga ɗan baƙin salatif, irin wanda muke yankawa mu yi ƙunshi, manne a kan baƙin ƙarfe. Na ɓamɓare shi. Ƙarƙashinsa ga ɗan ido na gilashi. Na danna rimot, murhun ya yi ƙyas-ƙyas, shuɗiyar wuta ta miƙe a hankali.

"Shi ne yake ƙura mini ido ina salla," in ji Kaka. "Na ce bari in koya masa kunya."

Muka juya murhun ya daina fuskantar dardumarta, muka buɗe taga kaɗan, yayana ya fitar da kaskon waje. Ta tsare mu sai da muka ci ɗanwake.

Kafin la'asar mun isa gida lafiya. Tafiyar ta koya mini cewa kafin a yanke wa abu hukuncin lalacewa, a zauna ƙasa a dube shi da kyau.

Sai bayan damina Kawu ya gaya mini cewa ranar da ya kawo murhun, da kansa ya nuna wa Kaka wannan idon, ya ce mata in aka rufe shi ba zai kama ba. Sai na tuna maganar da ta tarbe ni da ita ranar da muka je.