Biriyanin da Alhaji ya roƙa

Shekara ashirin ina sayar da shinkafa da wake a bakin layinmu a Zango, ba wanda ya taɓa dawo min da kwano da saura. Saboda haka ranar da Alhaji, maigidana, ya ce biriyani yake so, ban ɗauke shi wani aiki ba. Shinkafa ce dai, kuma ban san shinkafar da za ta fi ƙarfina ba.

Lokacin wata biyu ke nan da faɗuwarsa a garejinsa na unguwar Suame. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, abinci ya fita daga ransa. Tuwo ya ƙi, koko ma sai da lallashi. Likita ya ce in bai ci ba, ƙarfinsa ba zai dawo ba. Abu ɗaya ya roƙa da bakinsa, shinkafar da yake saya a shagon wani Ba'indiye duk Juma'a bayan an sauko masallaci. Na hau trotro, motar haya, na je, na tarar shagon ya koma na sayar da wayoyi.

Na sayo shinkafar basmati da kirfa da kanumfari da kindirmo. Na soya tumatir, don hannuna bai san a dafa shinkafa mai launi babu tumatir ba. Na juya, na rufe, na buɗe, na sake juyawa. Ya ci cokali biyu ya kau da kai.

"Hajiya, kin yi ƙoƙari sosai paa," ya ce. "Amma jalof ne. Sam ba shi ba ne koraa."

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce masa jalof ɗin nan ne ya girmar masa da 'ya'ya biyar. Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kunyar kaina.

Daga nan na dinga kallon masu dafa shi a waya. Ashe hawa-hawa ake jera shi, nama a ƙasa, shinkafa a sama, a liƙe murfin da kwaɓin fulawa, a ƙyale shi. Ƙyalewar ce ta gagare ni. A tsakar gida muke girki, duk maƙwabciyar da ta wuce sai ta ɗaga murfi ta leƙa, ni kuwa na fi su. A wurinmu macen da ta bar shinkafa a wuta ba ta juya ba, sakarya ce. Juma'a shida ina caɓe shi. Shi kuma yana ta ramewa, agogonsa na zamewa har gwiwar hannu, wani lokaci ya tambaye ni ko an yi la'asar sau uku a jere.

A ta bakwai na ja kurfoti, murhun gawayina, zuwa ƙofar ɗaki, na liƙe murfin, na zauna a kan hannuwana. Da na buɗe, ƙamshin ya cika gida, kowace ƙwaya a warware, wata fara wata rawaya. Na zuba a faranti, na kai masa.

Ya daɗe yana kallon farantin, sannan ya kalle ni.

"Baiwar Allah, wannan mene ne?"

"Biriyaninka ne, Alhaji. Wanda ka ce in yi maka."

"Ni? Ban san shi ba. Ki kai wa mai shi kada ya huce."

Na kai cokali bakinsa, ya datse leɓe. Makonni shidan da yake da sauran sanina, a gaban tukunya na ƙarar da su.