Piyanon da Bai Yi Ƙara Ba

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya bar mini waƙar tuna mutuwa, baiti arba'in da ɗaya a rubutun ajami. Takarda ta riƙe kalmomin. Karin da ake rera su da shi kuwa ba ya rubutuwa, a bakinsa na ɗauka, kuma duk gidanmu ni kaɗai na iya shi. Da maƙogwarona ya fara dishewa, sai na ji tsoron kada karin ya bi ni kabari.

Aka kai ni wani situdiyo a nan Tudun Wada, bayan masu walda, don a naɗi muryata. Mai wurin magidanci ne mai furfura a gemu, yana taunar cingam kamar akuya. Tun daga ƙofa na gaya masa sharaɗina.

"Ba na son kiɗa. Ko ƙarar cokali kada in ji."

"Baba, an gama. Ai mun saba da irinku."

Ban so wannan "irinku" ba, amma na haɗiye.

Na yi bisimilla, na rera a gaban makirfo. Da na fito sai na same shi ya jawo wani ɗan piyano yana latsawa. Na miƙe tsaye.

"Kai, me muka yi da kai?"

"Ka ji ƙara, Baba? Saurara mana."

Na saurara. Shiru. Ya ce wannan wayar da ta fito daga piyanon ba ta ɗaukar sauti, midi ake kiranta. Saƙo kawai take kaiwa, cewa an danna kaza, an saki kaza. Shi kuma bai aika saƙon ga wani abin kiɗa ba, ya karkata shi ne zuwa manhajar gyaran murya da ke cikin kwamfuta. Ban gane rabin maganar ba. Abin da na gane shi ne babu kiɗa, har na sa masa albarka. Wannan albarkar tana ci mini rai har yau.

Bayan kwana uku na koma. Ya kunna. Murya tawa ce, kalmomin na mahaifina ne, amma karin na wani ne can daban. A ƙarshen kowane baiti mahaifina yakan sauke murya a hankali, ya tsaya a wani wuri mai rawa, kamar mai leƙa kabari. Yanzu muryar tana tsalle daga mataki zuwa mataki, sumul, irin ta masu waƙar biki. Ashe duk inda ya danna, can na'urar ke jan muryata ta ajiye.

"Wa ya sa ka?"

"Muryarka tana zamewa, Baba. Inda kake tsayawan nan, babu shi a piyano. Tsakanin wannan farin madannin da wannan baƙin kake faɗawa."

"To piyanon ne ya rubuta waƙar, ko ubana?"

Ya yi dariya. "Allah Ya ba ka haƙuri. Mutane fa sun yaba."

"Waɗanne mutane?"

Ashe tun daren jiya ya tura wa abokansa a waya, don a ga gwanintarsa. Na ce ya cire hannunsa daga muryata. Ya danna abu ɗaya tak, sai ga ta ta dawo yadda na rera, da dishewarta da komai. Abin da zai iya yi tun farko ke nan. Na karɓi wannan, na fita ban yi masa sallama ba, Allah Ya yafe mini.

Tawa na raba wa 'yan'uwa. Tasa ita ta yi tafiya. Na ji ta a cikin keke a hanyar Kwangila, na ji ta a shagon mai ɗinki.

Watan jiya, a wurin zaman makokin wani maƙwabcinmu, aka roƙe ni in rera ko baiti biyu ne. Na fara da ɗan abin da ya rage mini na murya. Da na zo ƙarshen baiti na sauke ta inda mahaifina ke saukewa, sai wani dattijo, sa'ana, ya dafa gwiwata cikin ladabi.

"Malam, ba haka take ba. Bari in kunna maka ta asalin."