Anti Raki da Lambar da Ta Tafi Zariya

Duk ranar Asabar, ƙarfe goma na safe, Anti Raki Jumare ke sauka daga bas a Stockport Road, jakar kwamfuta a kafaɗa, filas ɗin shayi a hannu. A ɗakin bayan masallacinmu na Longsight take zama. Shekara ashirin da biyu ta yi tana gyaran kwamfutoci a wata jami'a a Manchester, wannan watan ta yi ritaya. Asabar ɗin nan kuwa ba wanda ya ɗora mata.

Da gwamnatin Birtaniya ta mayar da katin izinin zama cikin intanet, hankalin mutanenmu ya tashi. Likitoci da masu digiri uku-uku, wallahi, sai ga su sun yi layi gaban Anti Raki. Tambayarta ta farko ba ta canzawa: "Layin wayar da ka buɗe account da shi, yana ina?" Ta san halinmu sarai. Mu buɗe da layin Najeriya, mu baro shi a gida.

Haka ta faru da Bilqis, ɗaliba a Birmingham. Wani asibiti ya ɗauke ta aiki, aka ce ta turo shaidar izinin aikinta kafin ƙarfe biyar na ranar Juma'a, ko a ba wani. Amma lambar sirrin shiga shafin gwamnatin tana zuwa ne tsohuwar wayarta da ke Zariya, a hannun kakarta Iya Batulu, wadda ba ta yi boko ba. Ranar Juma'ar da safe Bilqis ta kira Anti Raki tana kuka. Anti Raki ta hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham.

Suka kira Iya a tata wayar. Gidan ba kowa, duk an tafi suna.

"Iya, barka da hutawa. Saƙo zai shigo wayar Bilqis yanzu, ki faɗa mini kamannin abin da kika gani."

"Yo ni 'yar nan, ina na san wannan rubutun?"

Kafin Iya ta gane kanta, lamba ta farko ta mutu, ta biyu ma ta mutu. Ƙarfe huɗu da rabi ta gota. Anti Raki ko gezau, hira ma take jan tsohuwa da ita.

A ta uku Iya ta ce, "To ga sanda. Ga ƙwai biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ga wata kamar agwagwa."

"Ɗaya, takwas, biyu. Ci gaba, Iya, Allah ya ja kwana!"

Da shafin ya buɗe, Bilqis ta rangaɗa guɗa har maƙwabcinta Ethan ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Anti Raki, ke ce mai haƙurin da ba mu da shi. Ba ki taɓa yi wa wani dariyar rashin sani ba, sai dai ku yi dariyar tare. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya sa hutun nan ya yi albarka.

Mu kuma da muka iya latse-latsen nan, kowa ya ba da Asabar ɗaya. Bilqis ta riga mu: yanzu ita ke zama a Birmingham da tata jakar. Iya kuwa, duk ranar da aka kira ta, kafin a gama gaisuwa take tambaya, "Yau babu ƙwai da agwagwar da zan duba muku?"