Mai Jar Hular Da Na Goge Daga Kyamara

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a sakaya sunana, ba don na cancanci sutura ba, sai don maganar ta shafi waɗanda ba su da laifin komai.

A shekarun da abin ya faru ni matashi ne mai ji da kansa. Na gama difloma, na dawo gida Yauri ina taƙama babu na'urar da za ta gagare ni. Kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, yana da jiragen ruwa na katako masu inji, shi ne kuma shugaban masu jirage a wata tasha da ke bakin ruwa. Shi ya sama mini aiki a ofishin ƙungiyarsu. Da satar injuna ta yi yawa, sai aka kafa kyamarori biyu masu aiki da hasken rana, ɗaya tana kallon inda ake ɗaure jirage, ɗaya kuma gangaren da fasinja ke bi su shiga. Akwatin da ke naɗar hoton yana ƙarƙashin teburina, lambar sirrinsa kuma ni kaɗai na sani. Dattawan tasha kan shigo su tsaya suna kallon kansu a allo suna dariya, ni kuwa ina hura hanci sai ka ce ni na ƙera ta. Wanda bai san tasharmu ba ya kamata ya san cewa ba a rubuta sunan fasinja. Ka zo ka shiga, jirgi ya tashi, shi ke nan. Saboda haka kyamarar nan ce kaɗai ta san wanda ya hau da wanda bai hau ba.

Wata ranar kasuwa, damina ta yi nisa, ruwa ya cika ya tumbatsa, ɗaya daga cikin jiragen Kawu ya tashi da yamma zai tsallaka da mutane. Bai kai tsakiya ba ya daki kututturen itacen da ruwa ya rufe, ya dare. An ceto wasu, an tsamo gawar wasu, wasu kuwa har yau ruwa bai maido su ba. Direban ma bai fita ba. Washegari bayan la'asar, masunta na can suna ta nema, Kawu ya shigo ofis ya tura ƙofa ya ce in nuna masa hoton jiya. Muka zuba wa allo ido. Ga direba yana girgiza kai, yana nuna bakin jirgi da ya kusa taɓa ruwa. Ga Kawu da kansa yana ɗaga masa hannu cikin faɗa, yana sa a ƙara buhunan masara da babura biyu. Ana shirin kwance igiya sai ga wani mutum da jar hula ya gangaro a guje, jakar kayan aiki a kafaɗa, ya yi tsalle ya faɗa can ƙarshen jirgi. Na san shi sarai. Mai gyaran injin ban ruwa ne, yakan kawo wayarsa caji ofishina, ya tsokane ni da cewa ni ne malamin leƙen asiri.

Ina jin numfashin Kawu a bayan wuyana. Can ya shaida mini cewa masu bincike za su zo da safe, kuma abin da za su fara tambaya ke nan. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Shafe shi, ɗana. Wanda yam mutu ya mutu, hoto ba shi tada gawa." Na tuna shi ya biya mini makaranta, a gidansa nake ci nake kwana, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na'urar ta tambaye ni har sau biyu ko na tabbata ina son gogewa. Wallahi ta fi ni tsoron Allah, don ita ta yi jinkiri, ni ban yi ba. Da masu bincike suka zo na ce musu batir ya mutu tun kwana uku saboda hadari, bakina ko rawa bai yi ba. Aka ɗora laifi a kan kututture, aka ce ƙaddara.

A kwana na huɗu wata mata ta yi sallama a ƙofar ofis, goye da jaririya. Matar mai jar hula ce. Ta ce mijinta ya fita ranar da abin ya faru bai dawo ba, wayarsa ba ta shiga, ba a ga gawarsa ba, kuma cikin waɗanda suka tsira babu wanda ya iya cewa ya gan shi. Ta sunkuyar da kai ta ƙara da cewa sun ɗan samu saɓani da safe, har ya ce mata zai bar mata garin. Yanzu wasu na cewa ruwa ya ci shi, wasu na cewa fushi ya yi ya tafi wajen masu haƙar zinariya. An gaya mata muna da na'ura mai ganin kowa, shi ne ta zo in duba mata. Kawu na zaune a benci a waje, yana jin mu. Na dubi matar nan na maimaita mata ƙaryar batir. Ta yi mini godiya, har da addu'ar Allah ya ƙara ilimi.

Daga nan rayuwarta ta tsaya cak. Ba a yi zaman makoki ba, ba a yi sadaka ba, ba ta shiga takaba ba, don ba wanda zai yi wa mai rai takaba. Ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Da danginta suka kai magana gaban alƙali, aka ce in babu shaidar cewa ya hau jirgin, sai ta jira shekara huɗu. Don ta ciyar da kanta ta fara suyar kifi, kuma ba ta tashi kafa kaskonta ko'ina ba sai bakin gangaren nan, daidai inda kyamarata ke kallo. Kullum na kunna allo ita nake fara gani. Da farko duk jirgin da ya iso sai ta miƙe ta kare fuska da hannu tana duban masu sauka ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ta daina miƙewa. Sai na fara jin in an ambaci mijin tana cewa Allah ya isa tsakaninta da shi, tunda ya iya tsallake jaririya ya tafi neman duniya. Na rame, na zama mai saurin fushi, ko tsokanar da dattawa ke yi mini ba na iya amsawa. Sau biyu ina tunkarar Kawu da maganar, sau biyu yana tambayata ko so nake in ga furfurarsa a gidan yari.

Haka muka ci shekara uku. Wata rana na je sayen kifi wurinta, yarinyar ta yi wayo tana wasa da ɓawon kifi a gefe, sai wata mai saye ta tambaye ta ina babanta. Yarinyar ta amsa da murmushi cewa babanta ya gudu. Haka aka koya mata, kamar karatun allo. Na ajiye kifin ban karɓi canji ba. Washegari bayan azahar na sami limamin unguwarsu, na roƙi ya kira ta tare da yayanta. A zaurensa na faɗi komai, tun daga buhunan masara har jar hula da tsallen da ya yi. Na zaci za ta zage ni, na ma fi son hakan. Sai ta tambaye ni ko jakar aikinsa na kafaɗarsa. Na ce tana nan. Ta ce ashe aiki za shi, ba gudu ya yi ba. Ta dube ni ta ce, "Malam, jira bai dame ni ba. Shekara ukku kab bar ni ina zagin mamaci, lokacin da shike bukatar addu'ata."

Na ba da shaida gaban alƙali, ta shiga takabar da ta makara da shekara uku. Na rasa aikina, na bar gidan Kawu, har yau in na gaishe shi ba ya amsawa. Wannan duk da sauƙi. Abin da na koya shi ne, ranar nan na ɗauka laifin mutum ɗaya nake rufewa, ban san haƙƙin mutane nawa ke cikin hoton ba, kuma ita kaɗai ce ta zo ƙofata, sauran ban san su ba. Ina kira ga duk wanda aka damƙa wa lambar sirrin irin wannan na'ura, a shago ne ko a ofis ko a tasha, ya sani amana aka ba shi, ba kayan gidansu ba ne. In babba ya ce ka goge, ko shi ya goya ka, ka ba shi haƙuri. Fushinsa na ɗan lokaci ne. Ni na goge hoton cikin minti ɗaya, ga shi shekaru sun shuɗe ina ganin jar hular nan tana gangarowa. Wanda ya karanta wannan ya yi wa mai ita addu'a, don an daɗe ba a yi masa ba, kuma ni na jawo.