Dalalar Karen Kawu

Shekarar da na kammala jami'a a Lamorde, da lisansi, wato digiri, a hannu amma babu aiki, na koma gidan kawuna a unguwar Dar es Salam. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mutumin Damagaram, mai tsananin kula da tsarki. A can na tarar da wani ƙaton kare mai lallausan leɓɓa, wanda wani Bature maƙwabci ya bar masa domin gadi. Karen ba ya cizo, ba ya yawan haushi. Dalala kawai yake yi, in kuma ya girgiza kai sai yawu ya kai har bango.

Kawu ya ɗora mini kula da shi, ya kuma kafa sharaɗi: "Malam mai lisansi, ranar da yawun nan ya taɓa butar alwalata, ranar karen zai bar gidan nan."

Na ɗauki aikin da muhimmanci, domin na shaƙu da karen. Mu biyu ne marasa wurin zuwa da safe. Likitan dabbobi ya duba haƙoransa da dasashinsa, ya ce lafiyarsa lau, halittar leɓɓansa ce, zafi kuma yana ƙara abin. Na kafa masa rumfa, ina sa masa ƙanƙara a ruwa, na ɗaura masa tsohon ɗankwalin Hajiya, matar Kawu, a wuya, ina goge masa baki bayan kowane ci. Hajiya ta ce ko jikanta bai samu wannan gata ba.

Dalala ta ragu ƙwarai, sai dai bayan la'asar, lokacin da takan zubo kamar an kwance famfo. Na zargi rana, na zargi abinci. Daga bisani na laɓe bayan tagar ɗakina domin in gani da idona.

Kawu na gani zaune a kujerarsa, yana buɗe takardar kilishi a hankali. Karen yana gabansa, ya ƙura masa ido, yawu igiya biyu. Kawu ya waiga hagu da dama, ya yago yanki ya jefa masa, yana cewa ƙasa-ƙasa, "Ungo, sarkin ƙazanta." Karen ya cafe, ya girgiza kai don murna. Yawu ya tashi sama, ya sauka daidai bakin buta.

Na fito daga ɗaki. Muka dubi buta, muka dubi juna.

"Kawu, Allah ya ba ka haƙuri," na ce, "zan nema masa wani gida."

Kawu ya miƙe. Ya ɗauki butar ya nufi famfo, ya wanke ta sau bakwai kamar yadda aka koya mana, yana ƙirgawa a fili. Da ya gama sai ya rataye ta a wata ƙusa can sama, inda shi kansa sai ya yi ɗage yake kaiwa.

"Wa ya ajiye buta a ƙasa?" ya tambaya da kakkausar murya.

Shi ne ya ajiye ta. Na ce ban sani ba.

"To, a kiyaye. Ka sake masa ɗankwali, wannan ya jiƙe."