Aikin Mamacin da Ba Mu Goge Ba

Shekarun baya, lokacin da aka yanke mana layin waya a Maiduguri, muna zaune a Gwange. Maigidana da amininsa suna cikin masu rubuta wata manhaja ta kyauta, wadda ƙananan asibitoci ke lura da magungunansu da ita. Mutane da yawa ne, kowa ya rubuta nasa ya tura rumbu ɗaya, a duba a haɗa. Duk layin da mutum ya rubuta, sunansa na nan maƙale da shi. Ni kuwa iyakar ilimina a kwamfuta shi ne goge mata ƙura.

Da layin waya ya ɗauke, sai maigidana da amininsa kowannensu ya gyara wuri ɗaya ba tare da ɗayan ya sani ba. Aminin ya yi tafiya har wajen jiha don ya tura nasa. Ya tura. A hanyar dawowa aka tare motarsu. Allah Ya jiƙansa.

Bayan layi ya dawo, wata rana da hantsi na kawo wa maigida kunu, na tarar ya zuba wa kwamfuta ido.

"Baban yara, lafiya?"

"Ta ƙi haɗawa," ya ce. "Gyarana da nasa sun yi karo, sai na zaɓi ɗaya. Nasa akwai kuskure a layi ɗaya, yana ɓata lissafin magani. In na ɗauki nawa, sunansa ya bar wurin."

Na ajiye kofin.

"Ni ban san aikinku ba," na ce. "Amma in rigar mahaifiyata ta yage, ba na yar da ita. Faci nake mata."

"Ke da ko kunna ta ba ki iya ba," ya ce, yana murmushi da hawaye.

Ya janye nasa gaba ɗaya, aikin makonni. Ya karɓi na marigayin, ya gyara layin nan ɗaya a kai.

Har yau in na tuna, sai in ji zuciyata ta yi sanyi. Ina kyautata zaton duk majinyacin da ya samu maganinsa ta wannan hanyar, ladan na isa kabarinsa. Wani lokaci maigida kan buɗe ya nuna mini wurin. Ba na gane komai a rubutun, sai sunan.